Kunun da Ya Kwana a Caji Ofis

Ni 'yar Gwaram ce, aure ne ya kai ni Birnin Kudu, kuma cikin duk abin da na tafi da shi daga gida babu wanda ya kai hannun kunun zaƙi amfani. Innata ba ta sa sukari a kunu, takan ce sukari na ragwaye ne. Dawa take jiƙawa ta baza a tabarma, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da farin tsiro, sannan ta shanya ta daka. In an dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa ya huce, sai a zuba garin tsiron nan da citta da kanumfari, a rufe ya kwana. Da safe za ka tarar ya tsinke ya yi zaƙi da kansa. Haka na koya, haka na ci gaba da yi a gidan mijina, kuma ban taɓa sanin akwai wani abu da ake farawa da tsiron dawa in ba kunu ba.

Mijina malamin gona ne, rabin wata yana gida, rabi yana ƙauye a kan keke yana koya wa mutane zuba takin zamani. A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa aka hau gyaran babbar hanyar da ta ratsa garin. Leburori da direbobin tifa suka cika tasha, ga zafi, ga kuɗi a aljihu. Wata tsohuwa mai sayar da tuwo a tashar ta ɗanɗana kununa a gidan suna, daga nan ta riƙa zuwa kowace safiya tana sarar tulu guda, daga baya biyu. Na ƙara tukwane, na ƙara tabarmin tsiro, har wani lungu na tsakar gidanmu ya zama ba wurin taka ƙafa. Ban fita ko'ina ba, amma rabin tashar Birnin Kudu da kununa suke karyawa, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana fasa mini kai.

Tare da aikin hanya giya ta shigo garin da ƙafarta. Can bayan tasha wani baƙo ya kafa rumfar kwano yana sayar da ta kwalba. Na tambayi Malam, wato mijina, yadda aka yi hukuma ta bar shi, sai ya ce ai da lasisi yake yi. Ya yi mini bayani dalla-dalla irin na ma'aikaci: ta kwalba mai sauƙi da takardarta, mai ƙarfin nan da ke kwantar da ƙato takardarta daban kuma babu wanda aka ba a garin, burukutu ma da tasa, sai a wajen gari, sai ga waɗanda addininsu bai hana su ba. Musulmi kuwa in aka kama shi ya sha, bulala ce a ƙofar kotu, in dafawa yake ba takarda har ɗauri yana iya samu. Na ce masa, “To, gwamnati ta auna zunubi da mudu ke nan, ta ce wannan rabi ne, wannan cikakke.” Ya ce in riƙa kama bakina. Shi kullum maganarsa ke nan.

Dole in faɗi wane ne mahaifina, don in ba haka ba ba za a gane tsoron da na ji daga baya ba. Baba malami ne a Gwaram, ba mai dukiya ba, amma mutum ne da ba ya sa wa cikinsa abin da yake shakka. Akwai gidajen da ya yi shekaru yana zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya bai taɓa shan ruwansu ba, don ya ji wani abu game da sana'ar mai gidan. Ba ya faɗa, ba ya gori. Za a ajiye masa kwano, ya yi godiya, ya tashi ya bar shi a rufe, kuma duk garin an san ma'anar wannan rufaffen kwano. Ni ce 'yarsa ta fari, shi ya koya mini karatu da kansa. Na fi son a kwaɗa mini mari a kasuwa da in ga ya bar kwanona a rufe.

Sai kuma maƙwabcinmu, ladanin unguwa, wani dogon tsoho mai tafiya a miƙe kamar an sa masa sanda a baya. Ni da shi ba ma ga maciji. Ruwan jiƙon gerona ta kwatar gidanmu yake fita ya bi ta gaban masallaci, shi kuwa ya ce warin yana hana mutane natsuwa. Ya kai ƙarata wajen mai unguwa, aka sa Malam ya haƙa rami. Rami ya cika, ya sake kai ƙara. Ni ma ban raga masa ba. Ta bayan katanga nakan ɗaga murya ina yi wa kajina faɗa, ina cewa wani zakaran ya tsufa amma bai san ya tsufa ba. Yana ji, ban kuma damu ba.

Ana cikin bazara aka kawo mana sabon duba-gari, wani saurayi ɗan birnin Kano, da wandon kaki mai kari. Lokacin hukuma ta matsa a kan masu dafa burukutu a ɓoye, don an ce wasu suna kai wa leburori a sansaninsu. Malam yana ƙauyen Kangire ranar da ya zo. Ya yi sallama aka ba shi izini, na ja mayafi na koma gefe. Ya leƙa randa, ya leƙa bayan gida, bai sami abin cewa ba. Zai fita ke nan idonsa ya faɗa kan tabarmin nan. Ya ɗaga buhu da bakin takalminsa, ya ga dawa ta yi tsiro fari fat. Ya dubi manyan tukwane a jere a rufe, ya buɗe ɗaya ya sunsuna.

“Mene ne wannan, Hajiya?”

Na ce, “Ban je Makka ba tukuna. Kunu ne.”

“Kunu da tsiron dawa?”

“A garinku da me ake yi, da siminti?”

Baki shi ke yanka wuya. Da na kwantar da murya na yi masa bayani, wataƙila da a nan maganar ta mutu. Ya fita, kafin azahar ya dawo da ɗan sanda. Suka naɗe tabarma guda da tsironta, suka sa aka ɗauki babbar tukunyata ta ƙasa da kunu a ciki, aka bi da ita ta tsakiyar unguwa kowa yana kallo. Ni ba su tafi da ni ba, albarkacin mai unguwa da ya tsaya mini, amma an ce in bayyana gaban alƙali in an kira.

Washegari tsohuwar tasha ba ta zo da safe ba. Ta aiko cewa ƙafa ke damunta. Matan da ke shigowa ɗaukar wuta suka daina, sai ka ce ashana ta wadata a unguwar dare ɗaya. Malam ya dawo a guje, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Abin da ke cin raina ba bulala ba ce. Motocin da ke zuwa Gwaram daga tasharmu suke tashi, kuma zancen duniya ba ya ɓuya. Na san kafin alƙali ya ji ta bakina Baba ya riga ya ji cewa an fito da tukunyar giya daga ɗakin 'yarsa.

Ga kuma wani abu da ni kaɗai na san girmansa. Kunun tsiro ba ya son jira. In ya wuce yini a zafi sai ya fara tsami, in ya ƙara kwana ya fara kumfa yana huci. Tukunyata kuwa tana can a caji ofis, ɗaki mai rufin kwano, cikin bazara, kuma aka yi rashin sa'a alƙali ya tafi gaisuwar mutuwa sai da aka jira shi. Duk garin da ya waye, tukunyar nan tana ƙara zama abin da suka ce ita ce. Ina zaune a gida ina jin ta a raina tana tashi.

Ranar shari'a zauren kotu ya cika har waje. Aka zaunar da ni a gefe a kan tabarma, aka shigo da tukunya mutum biyu suna riƙe da ita. Da aka ɗaga faifan, warin da ya tashi ni kaina sai da na kau da kai. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya nuna kumfar da ta taru a baki, ya nuna tsiron dawa, ya ce da wannan ake dafa burukutu, kuma ga shi kowa yana jin wari.

Alƙali dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambaye ni, na ce, “Allah ya gafarta Malam, kunun zaƙi ne. Ranar da suka ɗauka ko jariri aka ba zai sha. A hannunsu ya lalace.” Na faɗi yadda ake yin sa tun daga jiƙo har tata. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya ce magana biyu ce a gabansa, kowace da kamar gaskiya, shi kuwa bai san giya ba balle ya raba. Ya dubi duba-gari ya ce, “Kai ka san ɗanɗanonta?” Yaron ya ce a'uzubillahi, a makaranta dai aka koya musu alamominta. Ya dubi ɗan sanda, shi ma ya ce bai taɓa ba. Sai alƙali ya ɗaga kai ya dubi jama'a.

“A cikinku akwai wanda ya san burukutu, ya duba mana?”

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Ta ƙarƙashin mayafi ina ganin mutum uku ko huɗu waɗanda matansu da bakinsu suka gaya mini inda suke yin yamma, can rumfar bayan tasha. Ga su zaune sun sunkuyar da kai, ɗaya har da carbi. Wa zai ce ya sani? Duk wanda ya buɗe baki ya wanke ni, ya shafa wa kansa. Na ji haushinsu, amma ko a lokacin na san da ni ce a wurinsu da shirun zan yi.

Ɗan sanda ya ce tunda haka ne a ɗebi kaɗan a kwalba a aika Kano, akwai masu auna ƙarfin abin sha, su faɗi ko ya kai giya ko bai kai ba. Alƙali ya tambayi yaushe amsa za ta dawo, ya ce ba a rasa wasu makonni ba. Kunun da ya yi haka a 'yan kwanaki, in ya shiga kwalba ya hau mota zuwa Kano ya jira layi, ai ko ni aka tambaya sai in ce giya ce. Alƙali ya fara juyawa wajen muhuti, magatakardan kotu, zai ba da umarni.

Sai na ji an yi gyaran murya daga bayan zaure. Ladan ne ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Dama tun ranar farko shi nake zargi da turo mini duba-gari. Ya ratso mutane da tafiyar nan tasa, ya durƙusa gaban alƙali.

“Allah ya gafarta Malam, a ba ni in duba.”

Alƙali ya dube shi da kyau. “Kai, Ladan?”

“Ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Aka miƙa masa ludayi. Ya ɗiba ya sunsuna, ya motsa tukunyar ya duba gindinta, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar a ƙasa, ya goge baki da hannun riga. Sannan ya yi magana a hankali, kamar mai faɗin farashin hatsi.

“Wannan ba burukutu ba ne. Burukutu ba a sa masa citta da kanumfari, ga su nan a gindin tukunya. Ba a yin sa da gero mai yawa haka. Dahuwa biyu ake yi masa, a zuba masa ragowar tsohon burukutu don ya tashi, kuma ja yake fita, ba fari ba. Wannan kunu ne aka bari a zafi ya lalace. Wanda ya shanye tukunyar nan ba buguwa zai yi ba, hanyar bayan gida zai yi ta zarya.”

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Alƙali ya ce, “Ladan, a ina ka san wannan?”

“A bariki. Ina saurayi Turawa suka ɗebe mu aikin soja. Na sha ta gida, na sha ta kwalba, na sha mai ƙarfin ma. Na tuba tun kafin a haifi wannan yaron,” ya nuna duba-gari da haɓa. “Babu wanda ya sani a garin nan, har iyalina. Matar nan ba ta da kunya, ta addabe ni da ruwan kwata, kuma ba na fasa faɗa. Amma ba zan zauna ina kallo a ɗora mata abin da ba ta yi ba, gobe in hau in kira salla.”

Muhuti yana ta rubutu, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya ce kotu ta ji bayani a kan kunu, shi za a rubuta, sauran kuwa tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ya sa na yi alwala na rantse cewa ban taɓa dafa abin maye ba, ban kuma sayar ba. Sannan ya ce ya sallame ni, a mayar mini da tukunyata, ya kuma ja kunnen ɗan sanda cewa nan gaba in sun kama abin da ke lalacewa su kawo shi a ranar.

Na tashi daga kan tabarmar. Daɗin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba, kamar dai wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya, wuya yana ciwo amma iska tana shiga. Ina fita na hangi Ladan ya yi gaba shi kaɗai, mutane suna ɗan ja baya suna ba shi hanya fiye da yadda suka saba. An yi ta ƙus-ƙus a kansa har damina ta faɗi, wasu ma sun so a canja shi, liman ya ce wanda bai taɓa yin laifi ba ya zo ya karɓi ladancin. Ba wanda ya zo. Na aika Malam ya yi masa godiya, Ladan ya ce a gaya mini ba don ni ya yi ba. Daga baya na gano ba shi ya turo duba-gari ba, yaron yawon aikinsa kawai yake yi.

Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba. Hukuncin alƙali a Birnin Kudu ya tsaya, labari kuwa ya riga ya yi gaba, kuma labarin kamu ya fi na sallama gudu. Na wanke tukunyata da toka, na sake jiƙa gero, na dama kaɗan, ba don ina sa ran mai saye ba, don dai kada hannuna ya zauna. Tsohuwar tasha har lokacin ƙafarta ba ta warke ba.

Wata rana da hantsi aka ce ana sallama da Malam. Ya fita, ya dawo fuskarsa wani iri, ya ce, “Baba ne daga Gwaram.” Mutumin da tun da aka kawo ni bai taɓa takowa gidan ba, don ba ya son nauyin suruki. Ya ƙi shigowa ciki, ya ce a shimfiɗa masa a ƙofar gida, a ƙarƙashin darbejiya. Nan da nan dattawan unguwa suka taru gaishe shi. Na zo bakin zaure na durƙusa daga ciki, na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara, ya tambayi zafi. Bai tambaye ni komai game da kotu ba. Ban san ko ya ji an sallame ni ba, ko labarin farko kaɗai ya ɗauko shi, ban kuma iya tambaya ba.

Malam ya ce bari a kawo ruwa. Baba ya ce, “A'a. Akwai kunu?”

Na ce, “Akwai, Baba.”

“Na tsiro, irin na innarki?”

“Shi ne.”

“Kawo.”

Na zuba a kwanon sha na rufe da faifai. Malam ya karɓa ya ajiye a gabansa. Na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙe ta tsaga. Baba ya ci gaba da magana da wani dattijo a kan tsadar dawa, kwanon yana nan a rufe. Sai da ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ya miƙa hannu ya ɗauke faifan, ya yi bisimilla a fili yadda na ƙarshen tabarma zai ji, ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga gindin kwanon.

Ya miƙo wa Malam kwanon ya ce, “A ƙaro, a kawo wa mutanen nan su ma.”

Na koma madafa na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi a kotu ba, Malam yana tsaye a kaina da kwano a hannu yana cewa in yi sauri, baƙi suna jira.